Dokokin satar sauraro da naɗar magana a ɓoye a Najeriya

Dokokin satar sauraro da naɗar magana a ɓoye su ne tanade-tanaden shari'a da suka fayyace wanda yake da ikon sauraren hirar da wasu suke yi a keɓe, ko naɗar ta, ko yaɗa ta, da kuma hukuncin wanda ya yi hakan ba da izini ba. A Najeriya babu doka guda ɗaya da ta tattara wannan batu. Yana warwatse ne a cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999, da Dokar Sadarwa ta 2003, da Dokar Shaida ta 2011, da Dokar Laifukan Intanet ta 2015, da ƙa'idojin da hukumar NCC ta fitar a 2019, da Dokar Kare Bayanai ta 2023. Idan aka haɗa su wuri ɗaya, za a ga doka ta bambanta mutum uku: wanda ba ya cikin hira amma ya shiga tsakani ya tatsa, da wanda yake cikin hirar ya naɗa ba tare da ya gaya wa abokin maganarsa ba, da jami'in gwamnati da ya saurara da sunan tsaro. Na farko mai laifi ne. Na biyu galibi ba a kama shi a kan naɗin kansa, sai a kan abin da ya yi da faifan daga baya. Na uku yana buƙatar izinin alƙali.

Batun ya ƙara nauyi a yammacin Jihar Katsina, musamman ƙananan hukumomin Batsari da Safana, inda satar mutane don karɓar kuɗin fansa ta mayar da wayar hannu hanyar ciniki tsakanin iyalai da 'yan bindiga, kuma inda gwamnati ta katse layukan waya gaba ɗaya a shekarar 2021.

Kalmomi

Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. Laɓe shi ne mutum ya ɓoye jikinsa a bayan ƙofa ko danga ko katanga don ya ji abin da ake faɗa. Satar ji ko satar sauraro ta fi faɗi, don ta haɗa da wanda ya kasa kunne a cikin mota ko majalisa alhali ba da shi ake magana ba. Leƙen asiri an fi jingina shi ga hukuma ko abokan gaba. Naɗa, wadda asalinta naɗe abu ne kamar rawani ko tabarma, ta samu ma'anar ɗaukar sauti tun zamanin kaset mai zare, kuma ta zauna har yau da babu zaren da ake naɗewa. Tatsa kuwa, daga tatsar nono, ita ce 'yan jarida suka fi amfani da ita wajen nufin jawo bayanai daga layin wani. Tsegumi da gulma da annamimanci suna magana ne a kan kai zancen gaba, wato mataki na biyu. Wannan rabuwa tsakanin ji da kaiwa gaba ta yi kusa ƙwarai da yadda dokar zamani ta raba naɗi da yaɗawa.

Kalmar da Turanci yake amfani da ita ta samo asali ne daga gindin bango, wurin da ruwan rufin ɗaki yake zuba, kamar a ce mai tsayuwa a ƙarƙashin indararo. A tsohuwar dokar Ingila tsayuwar nan laifi ce, kuma ba a soke ta ba sai a 1967.

Addini da al'ada

Tun kafin zuwan waya, tsarin gidan Bahaushe ya tanadi kariya daga laɓe: baƙo yana tsayawa a zaure, ba ya wucewa cikin gida sai ya yi sallama an ba shi izini. Musulunci ya ƙarfafa haka. Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane, abin da malamai suke kira tajassusi, aya ta 27 a Suratun Nur kuma ta hana shiga gidan wani ba da izini ba. Akwai hadisi a cikin Sahihul Buhari da ya yi gargaɗin azaba ga wanda ya saurari zancen mutanen da ba su so ya ji ba. Malam Mawardi, a littafinsa kan hukunce-hukuncen mulki, ya hana mai hisba bin diddigin abin da aka ɓoye, sai in wani amintacce ya ba shi labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar kisa.

Sai dai fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Katsina suke bi, bai rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Ya san mas'alar mutumin da yake amsa bashi a keɓe amma ya musa a gaban jama'a. A irin wannan hali an yarda shaidar wanda ya ji iƙirari ta yi aiki ko da mai iƙirarin bai ce a shaida ba, da sharaɗin mai shaidar ya ji maganar tun daga farkonta har ƙarshenta. Ibn Asim ya kawo wannan sharaɗi a cikin Tuhfa, littafin da alƙalan Arewa suka daɗe suna dogara da shi. Malamai sun ƙara da cewa kada mai iƙirarin ya kasance an tsorata shi ko an yaudare shi. Sharaɗin jin magana gaba ɗaya ya dace da matsalar yau sosai, domin yawancin faifan da ke tayar da ƙura guntaye ne da aka yanko daga doguwar hira.

Kundin Tsarin Mulki

Sashe na 37 ya ba da tabbacin kare sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da hirarsu ta tarho, da saƙonninsu na tangarahu. Sashen jimla ɗaya ce tak, bai faɗi hukunci ba, bai kuma bayyana ko kariyar daga gwamnati kaɗai take ko har da maƙwabci da aboki ba. Sashe na 45 ya ba majalisa damar yin dokar da za ta taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaron ƙasa, ko lafiyar jama'a, ko zaman lafiya, ko tarbiyya, ko kare haƙƙin wasu, muddin dokar tana da hujjar da al'umma mai bin dimokuraɗiyya za ta karɓa. Duk ikon sauraro da hukumomin tsaro suke da shi a kan wannan sashe na 45 yake tsaye.

Mai shiga tsakani

Sashe na 12 na Dokar Laifukan Intanet, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Mayun 2015, shi ne ya fi kusa da abin da za a kira dokar hana satar sauraro. Ya ce duk wanda da gangan, ba da izini ba, ya yi amfani da na'ura ya tare saƙon da ba na jama'a ba yayin da yake tafiya daga kwamfuta ko hanyar sadarwa ko zuwa gare ta, ya yi laifi. Hukuncin shi ne ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun. Ma'anar kwamfuta a dokar ta haɗa da wayar hannu. Saboda haka wanda ya dasa manhajar leƙen asiri a wayar matarsa, ko ya haɗa WhatsApp ɗin wani da tasa na'urar a ɓoye yana karanta saƙonni, ya shiga hurumin wannan doka, ko ta sashe na 12 ko ta sashe na 6 da ya hana kutse. Aure ko dangantaka ba sa cikin uzurin da dokar ta lissafa. Babbar Kotun Tarayya ce take sauraren irin waɗannan ƙararraki.

Akwai giɓi a nan. Sashen yana magana ne a kan saƙon da ke bin na'ura. Mutumin da ya laɓe a bayan danga da kunnensa, ko ya ajiye waya tana ɗauka a ƙarƙashin tabarma a ɗakin da mutum biyu suke hira baki da baki, bai tare wani saƙo a kan layi ba. Irin wannan sai dai a bi shi ta wata hanya, kamar laifin shiga gidan wani ba da izini ba a dokar Final Kod, ko ƙarar keta haƙƙi a ƙarƙashin sashe na 37.

Wanda yake cikin hirar

Wannan ita ce tambayar da mutane suka fi yi, domin wayoyi da yawa da ke hannun jama'a suna iya naɗar kira da taɓa maɓalli ɗaya, wasu ma a kan saita su su riƙa naɗar kowane kira da kansu. Ƙa'idojin NCC na 2019 sun ce ba a buƙatar takardar kotu idan ɗaya daga cikin masu maganar ya amince, ko idan mai naɗin yana cikin hirar kuma yana da dalilin ganin akwai barazana ga rai, ko idan aikin kamfani ne ya wajabta naɗin, kamar yadda bankuna suke yi da kiran abokan hulɗarsu. Wannan ne ya sa lauyoyi da yawa suke lissafa Najeriya cikin ƙasashen da yardar ɓangare ɗaya ta isa. Wasu kuma suna ja, suna cewa ƙa'idar hukuma ba ta kai Kundin Tsarin Mulki ƙarfi ba, kuma wanda aka naɗa yana iya kai ƙara cewa an keta masa sirri.

Inda babu jayayya shi ne abin da ke biyo baya. Wanda ya naɗi magana sannan ya ce a ba shi kuɗi ko ya saki faifan, ya aikata laifin ƙwace ta hanyar barazana. Wanda ya yanke faifan ya juya ma'anarsa yana iya fuskantar ƙarar ɓata suna, wanda a Arewa laifi ne a Final Kod, ba ƙarar neman diyya kaɗai ba. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet shi ma ana amfani da shi. A rubutunsa na farko ya haɗa har da saƙon da aka aika don ɓata rai ko cin mutunci, abin da ya sa aka yi ta kama 'yan jarida da shi, har kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Gyaran da aka yi a watan Fabrairun 2024 ya taƙaita shi ga saƙon batsa, da ƙaryar da aka sani aka kuma yaɗa don tayar da hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari.

Dokar Kare Bayanai ta watan Yunin 2023 ta ɗauki muryar da za a iya gane mai ita a matsayin bayanin mutum. Ta fi shafar kamfanoni da ma'aikatu. Ta keɓe abin da mutum ya yi don amfanin kansa ko na gidansa, amma da sharaɗin bai keta sirrin wani ba, kuma faifan da aka ɗora a Facebook ko TikTok da wuya a ce na amfanin gida ne.

Fitattun misalai a siyasar Arewa duk daga wannan rukuni suka fito. A 2012 ɗan kasuwa Femi Otedola ya ce ya ba Farouk Lawan, ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Bagwai da Shanono, dala 500,000 da sanin hukumar tsaro ta farin kaya, kuma an watsa sautin da aka ce hirarsu ce ta waya. An ɗaure Lawan a 2021, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ɗaurin shekara 5 a watan Janairun 2024. A watan Oktoban 2018 jaridar Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ta wallafa bidiyon da ta ce ya nuna gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli. Ganduje ya musanta, ya shigar da ƙarar ɓata suna, daga baya ya janye ta a 2021. A duka biyun muhawarar ta tsaya ne a kan ko faifan na gaskiya ne, ba a kan ko ɗaukarsa ya halatta ba.

Sauraren hukumomi

Sashe na 147 na Dokar Sadarwa ta 2003 ya ba NCC ikon umartar kamfanonin waya su tanadi na'urorin da za su ba da damar sauraro. An shafe shekara 16 kafin a fitar da ƙa'idojin da suka bayyana yadda za a yi amfani da wannan iko. Bisa ƙa'idojin 2019, Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro da hukumar tsaro ta farin kaya su ne suke neman takardar izini daga alƙalin Babbar Kotun Tarayya. Dalilan da aka yarda da su sun haɗa da tsaron ƙasa, da hana laifi ko bincikensa, da kare tattalin arziki, da halin gaggawa. Takardar tana aiki na wata 3, ana kuma iya sabunta ta. Idan akwai haɗarin mutuwa nan take, ko barazana ga tsaron ƙasa, ko aikin gungun masu laifi, hukuma tana iya fara sauraro kafin izini, amma dole ta nemi takardar cikin awa 48. Abin da aka tatsa ana ajiye shi shekara 3 sannan a lalata shi. Kamfanin da ya ƙi ba da haɗin kai ana cin sa tarar naira miliyan 5, da ƙarin naira 500,000 kowace rana.

Ban da wannan, sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ya wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan kira na shekara 2, wato wa ya kira wa, da ƙarfe nawa, daga wane yanki. Wannan ba muryar ba ce, amma sau da yawa ya fi muryar amfani ga mai bincike. Sashe na 39 ya ba alƙali ikon umartar a tatsi abin da saƙon ya ƙunsa. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ma tana da nata tanadin.

Masu kare haƙƙi suna sukar tsarin ta fuskoki da dama. Ba a sanar da wanda aka saurara ko bayan an gama bincike, don haka da wuya ya san yana da abin kai ƙara. Rahoton shekara-shekara da hukumomin suke bayarwa yana zuwa ne ga Babban Lauyan Tarayya, wanda shi ma ɗan majalisar zartarwa ne. Sannan batu mai girma irin wannan hukuma ce ta tsara shi ba Majalisar Tarayya ba. Akwai kuma tarihin sayen kayan aiki. A 2013 jaridar Premium Times ta ruwaito kwangilar dala miliyan 40 da kamfanin Elbit na Isra'ila don sa ido a intanet. A watan Disambar 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta sanya Najeriya cikin ƙasashen da ake ganin suna amfani da na'urorin kamfanin Circles masu tatsar kira. A ƙaramin kasafin kuɗi na 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA kimanin naira biliyan 4.8 don sa ido kan WhatsApp da wayar Thuraya da sauran kiraye-kiraye.

Faifan murya a gaban kotu

Mutane da yawa suna zaton faifan da aka ɗauka ta haramtacciyar hanya kotu ba za ta karɓa ba. A Najeriya akasin haka ne ya fi yawa. Tun shari'ar Musa Sadau a 1968, Kotun Ƙoli ta bi ra'ayin cewa abin dubawa shi ne ko hujjar ta shafi batun, ba yadda aka samo ta ba. Sashe na 14 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce irin wannan hujja karɓaɓɓiya ce, sai in alƙali ya ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta. Sashe na 15 ya ba shi ma'auni: ƙarfin hujjar, da muhimmancinta, da girman laifin da ake tuhuma, da girman saɓa dokar da aka yi wajen samo ta, da ko da gangan aka saɓa, da ko akwai wata halattacciyar hanyar samunta.

Abin da ya fi kayar da faifan murya shi ne sashe na 84. Duk hujjar da ta fito daga na'ura sai an nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, kuma an saba amfani da ita, ta hanyar takardar shaida ko bayanin wanda ya san ta. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar Kubor da Dickson, kan zaɓen gwamnan Bayelsa. Odiyon da ya bi ta hannu goma a WhatsApp, ba a san wayar da ta fara ɗaukarsa ba, zai sha wuya ya cika wannan sharaɗi.

Bayan haka akwai tambayar muryar wa ce. Wanda ya saba da mutum yana iya ba da shaida cewa ya gane muryarsa, kuma Malikiyya ma sun karɓi shaidar makaho kan magana idan ya tabbatar da murya. Amma karin harshe kaɗai ba ya nuna mutum. Jin Katsinanci a faifai yana nuna yanki ne da miliyoyin mutane suke ciki, kuma layin waya yana yanke wani ɓangare na sautin da kunne yake dogara da shi. Manhajojin kwaikwayon murya sun ƙara dagula lamarin. A watan Afrilun 2023, da aka saki sautin da aka ce hira ce tsakanin Peter Obi da Bishop David Oyedepo, Obi ya ce na bogi ne, NCC kuma ta fitar da sanarwa cewa ba ta da hannu a fitar da shi.

Wasu ƙasashe

A Amurka dokar tarayya ta 1968 ta yarda da naɗi idan ɓangare ɗaya ya amince, amma jihohi irin su Kalifoniya suna buƙatar yardar kowa. A Jamus naɗar maganar da ba a bainar jama'a aka yi ba laifi ne mai ɗaurin har shekara 3, ko da mai naɗin yana cikin hirar. Ghana ce ta fi ba da misali mai amfani, domin tsarin shari'arta ya yi kama da na Najeriya. A 2018, a wata shari'ar fili da Raphael Cubagee ya shigar, Kotun Ƙolin ƙasar ta ce naɗar hirar waya a ɓoye keta sirri ne ko da mai naɗin shi ne abokin maganar, ta kuma ƙi karɓar faifan. A Jamhuriyar Nijar majalisa ta amince da dokar tatsar saƙonni a watan Mayun 2020, inda izini yake fitowa daga shugaban ƙasa ba daga alƙali ba, abin da 'yan adawa suka yi tir da shi.

Batsari da Safana

Ƙananan hukumomin biyu suna yammacin jihar, a bakin dajin Rugu da ya haɗe da Zamfara, kuma tare da Ɗanmusa suke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai. Suna cikin yankunan da hare-haren 'yan bindiga suka fi shafa. A watan Fabrairun 2020 an kashe kimanin mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari.

A nan tanadin barazana ga rai da ke cikin ƙa'idojin 2019 yake da ma'ana ta zahiri. Iyalin da aka sace wa ɗan'uwa, in suka naɗi kiran masu neman fansa, suna cikin hirar, kuma rai yana cikin haɗari, saboda haka sun cika sharuɗɗan biyu. Miƙa faifan ga 'yan sanda ma ba laifi ba ne. Hukumomi kuwa ba su rasa iko a takarda ba: satar mutane tana cikin abin da ya halatta a fara sauraro kafin izini, kuma bayan Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a watan Nuwamban 2021, gwamnati ta buga haka a gazet a watan Janairun 2022, dokar ta'addanci ma ta hau kansu. Tun watan Disambar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da hujjar cewa hakan zai sa a gane mai kira. Duk da haka ba a daina cinikin fansa ta waya ba, domin sau da yawa da wayar wanda aka sace ake kiran.

Haɗarin ya fi yawa a ɗaya ɓangaren, wato zargin infoma, masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Guntun odiyo da aka ce muryar wane ce yana magana da mutanen daji yana iya zagaye gari kafin kowa ya tantance shi, kuma a wurin da mutane suka gaji da binne 'yan'uwansu, zargin kaɗai yana iya jawo a kashe mutum. Duk ma'aunin da Dokar Shaida ta gindaya, da sharaɗin Tuhfa na jin magana daga farko zuwa ƙarshe, an yi su ne don alƙali, ba sa aiki a dandali. Tsoron ya kuma juya ta ɗaya gefen: wanda ya san cewa ana iya naɗar maganarsa a kai wa 'yan bindiga, zai yi shiru ko da ya ga abin da ya kamata ya gaya wa jami'an tsaro.

Matsalar infoma ce gwamnatin Aminu Bello Masari ta bayar a matsayin dalili a 2021. A ƙarshen watan Agusta ya sanya hannu kan dokar matakan tsaro da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma hana sayar da dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana. A watan Satumba, 'yan kwanaki bayan an yi haka a Zamfara, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, su ma biyun suna ciki, aka kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan. Ikon yin haka yana komawa ga sashe na 148 na Dokar Sadarwa, wanda ya ba NCC damar dakatar da sadarwa a halin gaggawa. Abin lura shi ne sauraren layi ɗaya yana buƙatar alƙali da wa'adin wata 3, amma rufe layukan dubban ɗaruruwan mutane bai buƙaci ko ɗaya ba. Mazauna yankin sun koka cewa ba sa iya kiran agaji idan an kawo hari, kuma aika kuɗi ta waya da sana'ar POS sun tsaya. Jami'an jihar da kansu sun ce 'yan bindigar sun koma amfani da rediyon oba-oba. An fara mayar da layukan a watan Disamba, kuma Batsari da Safana ba sa cikin rukunin farko da aka buɗe.

Wanda yake ganin an keta masa sirri a waɗannan yankuna yana da hanya biyu. Idan laifin tatsa ne ko kutse, yana kai rahoto ga 'yan sanda, shari'ar kuma ta tafi Babbar Kotun Tarayya da ke birnin Katsina. Idan haƙƙinsa na sashe na 37 yake nema, sashe na 46 ya ba shi damar zuwa Babbar Kotu a jihar, kuma ƙa'idojin neman haƙƙin ɗan'adam na 2009 sun cire wa'adin shigar da irin wannan ƙara, sun kuma yarda wani mutum ko ƙungiya su shigar da ita a madadinsa.